Ranar da Aka Shanya Faya-fayan Bamalli

"Sakinatu! Wa ya ɗora waɗannan a nan?"

Malam Irmiya bai ko tsaya jingine kekensa ba. Sakinsa ya yi ya faɗi a tsakar gida, shi kuwa ya nufi rumfar girki da sassarfa. A kan kwanon rumfar, cikin ranar bazara mai tafasa ƙwaƙwalwa, ga faya-fayan garmahon maƙwabcinsa Bamalli an jera su reras, baƙaƙe suna sheƙi. Ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya, zafi ya sa ya kusa yar da shi. Faifan ya yi laushi, bakinsa ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa da ya sha rana.

Sakinatu ta fito daga ɗakin majinyacin da tsintsiya a hannu. Ƙanwar Bamalli ce, daga Tafa ta zo jinyarsa tun da jikin ya kwantar da shi. Fuskarta a sake take, irin ta wadda ta yi aiki tana jiran a ce mata sannu.

"Ni ce, Malam. Yaya ne ya ce in ka taso daga makaranta ka zo ka kunna masa. Da na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado sai na ga duk ƙura da kashin kyankyaso. Shi ne na wanke su tas da sabulu na shanya."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi." Ta dubi fuskarsa, murmushin ya fara janyewa. "Ba su bushe ba ne?"

Ya shiga sauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ko Allah zai sa a sami wanda ya tsira. Wani ya kumbura a tsakiya, wani ya bi tudu da kwarin kwanon ya ɗauki siffarsa. Babu ko ɗaya da ya fito a miƙe.

Kada wanda ya zagi Sakinatu. Mace ce da ta tashi ta tarar abin da ya yi datti wanke shi ake yi, abin da aka wanke kuma rana ake ba shi. Tabarma, kwanuka, katifa, hatsi, duk rana ce maganinsu. A duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da rana ta ɓata ba sai tuwon da aka manta. Su kuwa faya-fayan, Bamalli bai taɓa barin hannun kowa ya kai kansu ba, balle ya zaunar da ita ya gaya mata halinsu.

Daga cikin ɗaki wata murya ta fito, siririya, sai an kasa kunne. "Ticha ne? Na ji faɗuwar keke."

Irmiya ya tattara faya-fayan ya tura su ɗakinsa, ya goge gumi da hannun riga, sannan ya ɗaga labule ya yi sallama.

Bamalli na kwance rigingine a kan gadon ƙarfe. Mutumin da a da shi kaɗai yake ɗaga tayar babbar mota, yau hannuwansa sun zama kara, ciki ya kumbura ya yi tsini, idanu sun yi rawaya sun dushe. Ciwon hanta ne. Asibitin Minna sun riƙe shi har suka gaji, suka ce a mai da shi gida, kowa kuma ya san abin da wannan maganar take nufi.

"Ka zo a daidai," in ji shi. "Yau da waƙar Matar Kongo na tashi a raina. Ɗauko garmahon."

Irmiya ya ɗauko garmahon daga kan teburi, ya juya wa gadon baya, ya buɗe wajen batir ya daɗe yana kallon ciki. Lafiyarsa ƙalau.

"Direba, batir ya yi ruwa a ciki, duk ya ci wayoyin. Sai an kai wa Akinola mai gyara."

"Kash. Laifina ne, na bar shi ya daɗe a zaune." Bamalli ya lumshe ido. "Ka ce masa ya yi sauri. Ka ce masa mai abin ba ya da lokacin jira."

Shekara da shekaru ɗakunansu na jingine da juna a wannan gidan haya na Kwamba, tun garin bai canza suna ba. Irmiya malamin firamare ne daga ƙasar Kagoro, shi ke bi da waƙa a cocinsu. Bamalli kuwa ɗan gari ne, direban babbar mota mai kai doya da shanu kudu. Sauran direbobi in sun dawo, da atamfa da agogo suke dawowa. Shi sai faifai. Matarsa ta rasu tun kafin yaƙin basasa, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Dangi suka yi faɗa har suka gaji, suka sa masa Ɗan Garmaho suka tattara shi suka ajiye. Da aka ɗauke wa garin suna aka kai dajin da za a gina sabon birni, aka ce daga yau nan Suleja ne, mutane sun yi ta surutu a bakin kasuwa. Bamalli cewa ya yi su ɗauki har Dutsen Zuma in suna so, muddin za su bar masa akwatinsa.

Da yake bai yi boko ba, bai san sunan ko mawaƙi ɗaya ba. Da launin takardar tsakiya yake gane su, shi kuma ya raɗa wa kowa suna. Ranar Asabar da yamma sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, ya zaro faifai daga rigarsa ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu. Irmiya ne kaɗai ke zama har ƙarshe. Tun yana zama don kara, har ya wayi gari shi ma yana ɗokin Asabar.

Da la'asar Irmiya ya ɗaure garmahon da faya-fayan a bayan keke ya nufi shagon Akinola mai gyaran rediyo, kusa da tashar mota. Akinola ya ɗaga faifai ɗaya ya karkata shi a haske, ya riƙe baki.

"Tisha, wane ne ya yi wanan? Kai! An dafa si kama doya."

"Ba ya gyaruwa?"

"Sai a sa a sakanin katako biyu, a dora buhu. A bar si wata guda, ko ya fi. Wani ya mike kadan, wani ya fase." Ya girgiza kai. "Ba na Oga Bamalli ba ne? Yaya jiki nasa?"

"Ba shi da wata guda, Akinola. To a Kaduna fa, ba a samun irinsu?"

"Wanan sofafi ne. Ko Legas sai an sa wahala."

Duk da haka suka zauna suka gwada su. A kan mafi yawa allura tsalle take yi, ta zame ta faɗa gefe. Biyu ne kawai suka yarda suka juya har ƙarshe, Matar Kongo da wani na goge. Su ma ɗin gara a ce ba su yi ba. Muryar sai ta hau ta sauka, ta ja ta saki, kamar mai waƙa a bayan mota a kan hanya mai gargada. Akinola da kansa ya ɗage allurar, ya ce abin ba daɗin ji.

Ko da Irmiya ya dawo, Sakinatu na bakin rijiya da guga a hannu, ba ta ja ruwa ba, ba ta kuma ajiye gugan ba. Ganin fuskarsa ya ishe ta. Ta durƙusa a wurin.

"Malam, don girman Allah kada ka gaya masa. Iyayenmu sun tafi, ni kaɗai na rage masa, shi kaɗai ya rage mini. In ya tafi da fushina ina zan sa kaina?"

"Haba Sakinatu, ai ba da gangan kika yi ba. Yafe miki zai yi."

"Da baki zai yafe," in ji ta. "Na san Yaya."

Rebeka, matar Irmiya, ta ce gara a fito a faɗa wa mutum gaskiya tun yana da sauran numfashin da zai yi faɗa ya huce. Irmiya ya san ta fi shi gaskiya. Sai dai ba ita ke shiga ɗakin kullum ta ga yadda idanun nan ke neman hannunsa da zarar ya ɗaga labule ba. Ya jera faya-fayan tsakanin allunan makaranta, ya ɗora musu buhun dawa, yana yi yana jin kunyar kansa, don ya san aikin banza yake yi.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum in ya taso daga makaranta sai ya shiga ya zauna a kan kujerar tsuguno, kullum kuma tambayar ɗaya ce.

"Akinola fa?"

"Ya ce gobe."

"Bayerabe da gobe," in ji Bamalli, yana ƙoƙarin dariya. "To zauna in kunna maka da baki."

Da baki kuwa yake kunnawa. Ba waƙar yake rerawa ba, numfashin bai kai nan ba. Labarinsu yake bayarwa, a hankali, yana hutawa a tsakani.

"Ka tuna Yaran Onica? Masu jar takarda. A kasuwarsu na fara jin su, na bar yaron mota da lodi na bi sautin har shagon. Mai busa ƙahon nan, Ticha, in ya ɗauka sai ka ji kamar ka sako gangara ba lodi, iska na dukan fuskarka. Ba su san baƙin ciki ba, yaran nan. Bayan yaƙi na koma na tambaya, mai shagon ya ce ko ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A akwatina kaɗai suka rage suna dariya."

Irmiya ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Wata rana kuma Tsohon Ibadan ne. "Shi ba ya sauri. Gangunansa kamar mota ce da lodi a kan hawa, giya ɗaya, amma ba za ta tsaya ba. Mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba, shi ya sa yara ba sa son sa." Daga nan ya koma kan wani baƙin Amurka da ya sa wa Mahaukaci, mai ihu kamar an taka masa ƙafa. Wannan, in ji shi, ba don daɗi yake jin sa ba, don barci ne a kan hanyar Lokoja, kuma sau da yawa ya cece shi daga faɗawa rami. Har da 'yan cocin su Irmiya bai bari ba. Ya ce matan sun iya, amma mazan kamar an tilasta musu, ya kamata Ticha ya riƙa ba su koko kafin su fara.

"Makahon Goge fa?" Irmiya ya tambaya, don dai ya ja hirar nesa da Akinola.

"Wannan tsoronsa nake ji. Sauran duk ban san abin da suke faɗa ba, ni nake sa musu magana yadda na ga dama. Shi kuwa namu ne, ina jin kowace kalma, ba wurin ɓuya."

Amma duk inda hirar ta zaga, kan Matar Kongo take dawowa. Bai san ƙasar ba, bai san yaren ba, bai ma tabbata ko tana raye ba. Ya dai yanke wa kansa cewa mijinta direba ne, ya tafi bai dawo ba, ita kuma ba kuka take yi ba, faɗa take yi masa cikin shagwaɓa. Jitocin da ke bayanta guda biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Ya ce akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda kowa ke yin shiru a bar ta ita kaɗai ta ja murya, miƙaƙƙiya, ba rawa ko kaɗan. "Wurin nan nake so in sake ji. Shi ke nan, ba na neman ƙari."

Jikin kuwa kullum baya yake yi. Kunun da Sakinatu ke damawa sai ya kurɓa ya kawar da kai, ya ce ƙasa yake ji a bakinsa. Hasken ƙofa ma ya ce ya zama hazo, mutum sai ya yi magana yake gane shi.

"Ɗaya bayan ɗaya suke sallama," ya gaya wa Irmiya. "Baki ya tafi, ido ya bi shi. Amma kunnena garau. Jiya ina nan kwance na ji wata mota ta wuce a titi, na san injinta na shan mai. Wannan kam Allah ya bar mini."

Ranar Alhamis da la'asar Bamalli bai yi maganar Akinola ba. Ya laluba ya kamo hannun Irmiya, riƙon ba ƙarfi.

"Ticha, ba na jin zan kai Asabar. Je ka karɓo shi ko a yaya yake."

Irmiya ya fita ya tsaya a tsakar gida. Ya shiga ɗakinsa ya sauke buhun dawa, ya zaro Matar Kongo. Ta ɗan kwanta, ko kuwa idonsa ne ke son ya ga haka. Ya ce a ransa wataƙila mutumin da ke wannan hali ba zai lura ba. Ya jawo garmahon daga bayan ƙofa inda ya ɓoye shi tun ranar farko, ya sa sabon batir, ya kai shi ya ajiye a ƙasa ta wajen kan gadon, inda majinyacin ba zai gani ba. Sakinatu ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa, ta damƙe labule da hannu biyu.

Allura ta sauka. Aka ji ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan na farko, Bamalli ya saki fuska, har leɓensa na motsi. Sai jita ta shigo tana tangaɗi, ta biyun ta biyo ta ita ma a karkace. Da matar ta buɗe baki, muryar ta hau ta zame, ta sake hawa ta sake zamewa, kamar mai kuka ana jijjiga ta.

Fuskar Bamalli ta tsuke. Ya juya kai ya ba garmahon ɗaya kunnen. Ya jira. Aka zo wurin da kowa ke yin shiru a bar ta ita kaɗai, muryar da ya sani miƙaƙƙiya ta fito tana rawa, ta karye a tsakiya.

"Batir ne?" ya tambaya.

"Sabo ne."

"Sa na gogen."

Irmiya ya je ya ɗauko ya sa. Gogen ya fito yana lilo, makahon na bin sa kamar wanda ya sha wani abu. Bamalli ya saurara na ɗan lokaci, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ticha." Muryar ta yi ƙasa sosai. "Tsakaninka da Allah. Kai daidai kake jin su?"

Irmiya ya san abin da zai biyo baya in ya ce a'a. Bamalli zai ce a miƙo masa faifan ya taɓa, yatsun nan kuma ba za su yi kuskure ba. Irmiya ya ɗaga kai. Sakinatu ta cusa bakin gyalenta a baki, hawaye na zuba, tana girgiza masa kai.

"Daidai nake jin su, Direba."

"Yadda suke a da?"

"Yadda suke a da."

Gogen na ta lilo a ɗakin. Hawaye ya gangaro ta gefen idon Bamalli ya shige cikin kunne, bai share ba.

"To shi ma ya tafi ke nan," in ji shi. "Na ɗauka zai raka ni. Kashe, Ticha. Kada ka ɓata batir a kaina."

Irmiya ya ɗage allurar. Bamalli ya yunƙura da ƙyar ya juya fuskarsa bango. Da Sakinatu ta matso ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yafe mini," ko motsi bai yi ba. Ko bai ji ba ne, ko kuwa ya riga ya daina yarda da abin da kunnensa ke kawo masa, Allah kaɗai ya sani. Daga wannan lokaci bai sake amsa wa kowa ba.

Washegari da hantsi rai ya yi halinsa. Dangin da suka daɗe ba su leƙo ba suka cika gidan, aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani. Da aka tsaya salla a ƙofar gida, Irmiya ya koma gefe ya tsaya da hularsa a hannu. Ya bi makara har maƙabarta, a bayan kowa, ya ga an mai da jar ƙasa an yayyafa ruwa. Mutane na ta cewa Allah ya ji ƙansa, ya huta. Wani tsohon direba ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kyauta, ya riƙe amanar maƙwabtaka. Irmiya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya dawo gida rana ta take. Mata na ciki suna karɓar gaisuwa, muryar Sakinatu ce kaɗai ba a ji. Ya shiga ɗakinsa ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Can daga wajen unguwar Magajiya aka fara kiɗan biki, kalangu na tashi tar, kowane bugu a wurinsa, iska na kawo shi har cikin ɗakin. Ya saurara kaɗan. Sai ya tashi ya jawo tagar katako ya rufe, ya koma ya zauna cikin duhu da zafi, gumi na bin wuyansa.